Da Shaidu Anka Ɗaura Jingina, Da Shaidu Aka Kwance Ta

Rimawa,
ran Lahadi bayan La'asar.

Zuwa ga Innata, Hauwa'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwad da uba ka yi ma ɗiyad da tah hid da shi kunya. Allah shi sa takardag ga ta ishe ki lahiya, ke da marayunki Bashiru da Rukayya. Allah shi jiƙan ubansu Nasiru, shi kai haske kabarinai. Dada, mahaihiyakki, tana gaishe ki ƙwarai.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya ga aljihuna. Abin da za ni hwaɗa maki ba na waya ba na. Na gwada shekaranjiya da kik kira, bakina yaƙ ƙi buɗuwa. Shi yas sa niɗ ɗauko biro da ɗan karatuna na yaƙi da jahilci. In kin ga baƙin da yak karkace ki miƙe shi da kanki, ai ke am malama.

Bari in hwara da abin da yac cika man ciki. Innata, kin yi abin da maza masu gemu sunka kasa. Shekara huɗu ke nan da ciwo yak kwantad da Nasiru, har yaj jinginad da gidanku na Wurno ga bappanai, ɗan uwan ubanai, Alhaji Ummaru, don kuɗɗin asibiti. Nasiru yat tahi, jingina tat tsaya. Alhaji yar riƙe takardag gida, yam mai da zaure da ɗakunan waje biyu siton shinkahwatai, ke kuma kina ciki da yara, kullum sai kin ratsa buhunan wani kahin ki kai tsakag gidanki. Na zo na gani da idona, amma ba ni da abin ba ki. Ke ko ba ki taɓa kawo man kuka ba. Albashin malanta nawa na? Amma kit tsaya: ga adashe, ga kiwon tumaki, ga ɗinkin hula har idonki yan nemi tabarau. Dada ta ce Salla uku tana lura, atamhwa guda kika sawa, ɗankwali kawai kika canzawa don kada a gane. To an gane, kuma ba ki rage ba ga idonmu ko kaɗan.

Da aikin ga na Kaduna yas samu, kowa cewa yay yi ki ɗaure kaya ki tahi, Alhaji ai na gida na, ki riƙa biya daga can sannu-sannu. Har ni na ce haka, ba ni musu. Kic ce man, "Baba, ba ni ɗaga ƙahwa in bar gidan marayu ga hannun wani, ko da wanin nan bappan ubansu na." Kir roƙi masu aikin su ɗaga maki wata biyu, kis sayad da tumakin duka har da tunkiyad da Rukayya ka cewa tata ta, kuɗɗi sunka cika cip. Ranad da nij ji, majalisab bakin masallaci nit tasam ma. Wallahi ba wanda yat tambaye ni, ni nik kawo zancen. Isa mai gyaran keke yac ce, "Malam Garba, sau uku ke nan kana ba mu labarin ga." Nic ce mashi shi gyara zama, na huɗu na nan tahe. Ɗiyata ta, ba aro niy yi ba.

To amma tsugune ba ta ƙare ba. Shekaranjiya kic ce man ran Alhamis za ki tura ma Alhaji kuɗɗin ta banki, ke da shi kun gama magana. Wai shinkahwatai tana cikin ɗakunan, ba shi sayarwa sai kasuwa ta tashi, in ya kwashe shi aika maki da mabuɗi da takarda can Kaduna. Kic ce kin yarda, don kina jin nauyin ki ce ma surukinki shi tara mutane kamar ba ki amince mashi ba. Kina hwaɗi kina dariya, ni ko sai niz zamna bisa turmi. Dada tac ce, "Malam, mi na na?" Nic ce ba komi. Ƙarya niy yi mata.

Ranaw wanka ba a ɓoyon cibi. Yau za ki ji yadda hwadamammu ta bakin gulbi tah hita hannuna, ba yadda nib bari kunka ji ba.

Kin tashi kin ishe ana cewa ɗiyan Kawunki Bawa, wan Dada, sun cinye muna gona. Gonan nan gadon ubana ta, baƙaƙ ƙasa wadda in ka dasa albasa sai ka ji tausayin jakin da za shi ɗauko ta. Lokacin injin ban ruwa ya hwara shigowa, mu ko da jigo muka ban ruwa, sai kahwaɗa ta gaya maka. Ran nan nig ga wani ya sawo inji ja, shina ta ƙugi bakin gulbi, mutane sun kewaye shi suna kallo. Raina yab biya. Ba ni da kuɗɗi, sai nit tahi wurin Bawa nij jinginam mashi da hwadama. An yi abin bisa ƙa'ida: zauren mai gari, ga liman, ga dattijai biyu, anka rubuta, nid dangwala yatsa. Shi noma gona shi ci amhwaninta har ranad da nim mayam mashi da kuɗɗinai. Nis sawo inji, niɗ ɗauko shi bisa kai tun daga tasha don kowa shi gani. Sai da nis sabke shi tsakag gida Dada tad dubi injin, tad dube ni, tac ce, "To Malam, wace gona za shi ba ruwa?"

Kin ji wautab babanki. Nic ce mata mata ba su san kasuwanci ba, haya za ni ba da shi, shekara guda in hwanshi gona. Haya? Kowa yaz zo ɗan uwa na, wanga ɗan bappa, wancan abokin wasa, kowa aro shika so. Rani biyu injin yay yi yash shaƙe, har yau gangaj jikinai na nan bayan rumbu kaji na ƙwai ciki. Nasiru don neman rai yay yi jingina, ba shi da laihi, ke ma ba ki da shi. Amma Kaduna gari na mai jan inji iri-iri, za ki ga na ɗaki, ki ga na hawa, ki ga na sawa ga jiki, kuma za a ce maki ɗauki yanzu ki biya baya. Kada ki jinginad da abin da ka ciyad da ke don abin da za a kalla. In abu ya ba ki sha'awa, ki tambayi kanki tambayad Dada tukuna.

Shekara ta uku Allah yab ba ni dama nis sake ta. Na noma albasa ga wani ɗan hilin aro, tay yi kyau ƙwarai, in da na sayar ran nan da kuɗɗin Bawa sun hita har da saura. Bawa da kainai yat tako har gida yac ce, "Garba, sayar ka zo ka amshi gonakka, ni ma ba ni jin daɗin riƙe ta." Nic ce a'a, Yaya, bari ta yi tsada. Niz zuba ta cikin rudun kara ina jiran kasuwa. Ruwa yaz zo da wuri, ɗumi yash shige ta, kahin in ankara maƙwabta na toshe hanci in za su wuce gidanmu. Nan ba ni da abin koya maki, ke kik koya man. Kuɗɗinki na cika ba ki ce bari in juya su ba, kic ce na mai su na. Ki riƙe halin ga da hannu biyu, ban san inda kis samo shi ba, ba dai wurina ba.

Yanzu ga wautad da tas sa nika rubutu. Ki aje abin da ag ga hannunki ki karanta da kyau.

Shekara ta biyat wani abokina yak kira ni Yawuri mu yi hwataucin kihi. Niy yi shirin tashi da iyali, ke kina goye. Nic ce, kamar yadda kic ce, ba ni barin gari da bashi bisa wuyana. Nis sayad da sa, Dada tas sayad da awakinta da rabin kwanonin jerenta, kuɗɗi sunka cika ana gobe mota za ta ɗauke mu. Da hantsi nit tahi neman Bawa, nit tarad da shi cikin hwadamag ga shi kaɗai, shina buɗe ma albasa ruwa. Tsakiyar rani ta, albasa ta hwara kai. Munka zamna gindin giginya, niƙ ƙirga mashi kuɗɗinai, yaƙ ƙirga, yas sa aljihu. Sai yat tashi yak kakkaɓe riga yac ce, "Taso mu tai zauren mai gari, a kira liman."

Innata, shi yac ce mu tahi. Ni nic ce, "Haba Yaya! Tsakanina da kai? Allah na gani, ya isa."

Kunya nij ji. Wan matata na, mutumin da bai taɓa tsare ni da zancen kuɗɗinai ba, nig ga in na bari anka tara mutane kamar na ce ban yarda da shi ba. Ga kaya ba a gama ɗaurewa ba, ga bankwana da dangi. Kuma, in hwaɗi gaskiya, na so shi ga ni ma babban mutum na. Bawa yac ce, "To shi ke nan. Ka san al'ada, ba a amsag gona da shuka cikinta. Kwana arba'in in cire albasata, gona taka ta. Takarda na gida cikin adaka, in ka zo ganin gida ka amsa." Munka yi musabaha, nij juyo ina jin kaina sakayau. Ko Dada ba ta ga bayarwan nan ba, labari nib ba ta.

Ba a cire albasan nan da Bawa ba. Zazzaɓin kwana uku, Allah yay yi ikonai. Munka zo ta'aziyya daga Yawuri, ban ta da zance ba don ba lokacinai ba na. Da anka zo rabon gado anka buɗe adaka, sai ga takardaj jingina kwance, ga yatsana rangaɗau bisanta. Nic ce na biya. Sani, babban ɗan Bawa, lokacin bai hi shekara ishirin ba, yad durƙusa gabana yac ce, "Baba Garba, ban ce ƙarya kaka yi ba. Amma ƙannena ƙanana na, haƙƙinsu na bisa kaina. Ka kawo mutum ko guda wanda yag gani." Wa za ni kawowa, giginya? Anka kira liman, yac ce, "Garba, ɗauri na gani, kwancewa ban gani ba. Da shaidu anka ɗaura jingina, da shaidu aka kwance ta." Yat tuna man ayad da tah hi kowace tsawo cikin Alƙur'ani bisa rubuta bashi da sa shaidu tas sabka. Na san da ita, tun ina allo nika jin ta.

Dattijai sunka nemi sulhu: in biya rabi, marayu su yahe rabi, in amshi gonata. Dada tac ce za ta sayad da sauran kwanonin. Nan hushi yaɗ ɗebe ni. Nit tashi tsaye cikin zaure nir rantse ba ni biyan kwabo sau biyu, kuma ƙahwata ba ta ƙara taka gonan nan. Nij ja matata nik koma Yawuri ina huci. Shekara bakwai niy yi can, nid dawo da tsamin kihi ga riga da ciwon baya, gona ko ta zamna hannunsu har yau. Da rabin nan nib biya, da albasar rani guda ta mai da man shi. In ana sulhu anka miƙo maki rabi, kada ki yi rantsuwa cikin zahin rai. Ki ce a ba ki kwana guda, ki je ki sha hura ki kwanta.

Wautad da tah hi ci man rai ita ta ta ƙarshe. Ban taɓa buɗe baki nic ce maku ɗiyan Bawa ɓarayi na ba, amma da mutane sunka hwaɗa ban hana ba, don ya hi man sauƙi a ce an cuce ni da a ce na yi wauta. Kunka tashi ba ku shiga gidan kawunku. Dada ta yi shekara talatin tana zuwa bukin ɗiyan wanta kamar mai sata, ta dawo ta ishe ni na ɗaure huska. Ba ta taɓa ce man kai kaj ja ba, ko sau guda. Sani bai ci haram ba, abin da takarda tac ce yab bi. Ki gaya ma ƙannenki haka, ni ma za ni gaya masu.

To ki dubi naki. Shinkahwa cikin ɗaki, albasa cikin gona, mi ab bambanci? Za ki ce Alhaji Ummaru mutumin kirki na. Awo, na yarda, na ci abinci gidanai. Bawa ya hi shi kirki. Ba don maƙaryaci kaɗai aka kiran shaidu ba, don mai mutuwa aka kiransu, kuma ba mu san wa za shi riga wani ba, ke ko shi. Alhaji ya ba saba'in baya, ɗiyanai sun hi goma, wasu ko sunanki ba su sani ba. In yau ta Allah ta kasance, takardag gidanku za su ishe cikin akwatinai da hannun Nasiru bisanta. Za ki ce ai ga shaidab banki ga waya. Banki na cewa kuɗɗi sun tahi, ba shi cewa na mi na. Mutumin da ka sayad da shinkahwa kullum kuɗɗi na shiga mashi, wani ɗa shi ce ai na shinkahwa na, ke kina Kaduna, Bashiru bai kai ya tsaya gaban kowa ba.

Abin da nika so ki yi ba wuya gare shi. Waɗanda sunka zamna ranad da Nasiru yas sa hannu, mai unguwa da limaminku da ƙanen Nasiru, su za ki kira, da rana tsaka, cikin zauren nan mai buhuna. Ki tura kuɗɗin gabansu, Alhaji shi dubi wayatai shi ce da bakinai sun shigo, kuma na jingina na. Shi miƙo maki takardag gida nan take, a rubuta bisa tsohuwat takardaj jingina cewa an biya, kowa shi sa hannu. Shinkahwa kuma kada ki ce shi kwashe, wanga rashin kunya na, mutumin ya taimaki mijinki ranad da ba kowa. Ki ba shi aron ɗakunan har kasuwa ta tashi, amma a rubuta aro na, ke ad da gida, ke kib ba shi. Ki ɗauki hoton komi ga waya. Sannan ki durƙusa ki yi mashi godiya kamar yadda ɗiya ka yi ma uba.

In nauyi ya hana ki, ɗora man. Ki ce, "Bappa, tsohona na yam matsa, kun san halinai." Duk ƙasag Goronyo an san ni da taurin kai, bari shi yi amhwani ko sau guda. Kuma ni da Dada muna nan tahe ran Laraba in Allah ya yarda, na aiko takarda gaba don ki samu sanad da mutanen, kuma don ba ni iya hwaɗin waɗanga abubuwa ina kallon idonki. Kada ki ji kamar na rage maki. Ke kiy yi aikin duka, shekara huɗu, ke kaɗai. Ni kulli guda nika so in taya ki ja.

Direban da za shi ba ki takardag ga shina da buhun albasa, naki na, guzurin Kaduna. Albasag gonan nan ta. Tun da munka dawo daga Yawuri ita muka ci gidan ga, don duk Rimawa ba mai irinta, sai dai in ba wani kuɗɗi shi sawo man wurin Sani kada a ce ni na. Duk miyad da kis sha kina yarinya, da albasag gonak kakanki anka yi ta, kuma saye nika yi.

Jiya ban aiki kowa ba. Na ciyad da miskinai goma kaffaran rantsuwata, nis sa takalmi nit tahi da ƙahwata. Giginya na nan inda nib bar ta. Sani ya yi hurhura, Innata, yaron nan da yad durƙusa gabana. Da yag gan ni cikin gona sai yas saki kwandon da ag ga hannunai. Nic ce mashi na zo sayen albasa ma Hauwa'u, kuma na zo in ce mashi bai cuce ni ba. Yac cika buhu da kainai, yaz zaɓo manya, yac ce wallahi ba shi amsak kwabo. Nic ce sai ya amsa. Nik kira mutum biyu da ka aiki gonag gaba, sunka zo sunka tsaya, niƙ ƙirga mashi gabansu. Sani shina dariya hawaye na zuba, yac ce, "Baba Garba, har albasa sai da shaidu?" Nic ce har albasa.

Ki ci ki ba jikokina, tana da zaƙi. Amma kada ki bari Bashiru da Rukayya su wayi gari suna biyan haya cikin gidan ubansu don uwassu ta ji kunya ranar Alhamis guda.

Allah shi kai ku Kaduna lahiya, shi tsare ku bisa hanya da inda za ku sabka, shi haɗa ki da maƙwabta na gari. Allah shi sa albarka ga aikinki, shi raya maki marayun ga su yi maki abin da kiy yi ma ubansu. Ni dai na yahe maki duniya da lahira, ko da ban san abin da za ni yahewa ba. Ke ma ki yahe man. Ki aje muna tabarma cikin zaure, kusa ga liman nika son zama.

Wassalam.

Babanki mai alhwahari da ke,
Garba.